Yadda zaka karanta jadawalin kungiyarka ta kwallon kwandon jami'o'in Amurka da 'yan wasan da suke sauya sheka

Musu biyu ne basa karewa tsakanin masu bin kwallon kwandon jami'o'in Amurka. Na farko yana tashi ne a watan Afrilu lokacin da 'yan wasa suke ta tattara kayansu suna canza makaranta, na biyu kuma sai jadawalin sabuwar kaka ya fito, kowa ya dauko biro yana lissafin wasa nawa za a ci. Kuma mafi yawan masu wannan musu abu biyu kawai suke kallo, yawan wasan da aka ci da kuma girman sunan dan wasan da aka dauko, alhali wallahi duka biyun suna yaudarar mutum in dai bai hada su waje daya ya duba ba. Jadawali da jerin 'yan wasa tare ake karanta su, wa zai buga, da wa, a ina, kuma yaushe. Zan yi amfani da kungiyar jami'ar Kentucky ta kakar 2024-25 don nuna yadda ake yi, domin a wannan shekarar babu abin da bai faru da su ba.

Da farko ka cire tsarin Firimiya daga kanka

Yawancinmu da kwallon kafa muka tashi, toh nan ne rudanin yake farawa. A nan babu tebur guda daya da kowa zai hadu da kowa gida da waje. Makarantun da suke babban rukuni na NCAA, hukumar da take kula da wasannin jami'o'in Amurka, sun haura 360, an kasa su lig-lig, kowace lig da karfinta, kuma babu maganar faduwa zuwa kasa ko hawowa sama. Ana fara kaka farkon Nuwamba, kowace kungiya ta buga wasa kusan 31, sai gasar lig dinta a watan Maris, sannan babbar gasar da kowa yake jira wato March Madness. A 2025 kungiyoyi 68 ne suka shiga, 31 sun samu tikiti kai tsaye saboda sun cinye gasar lig dinsu, sauran 37 din kuwa wani kwamiti ne yake zama ya zabe su. Ka rike wannan da kyau dan uwa, domin duk musun jadawali a kan wadannan kujerun da kwamiti yake zaba da kuma lambar matsayi da za a ba kungiya a gasar yake. Kwamitin ba yawan nasara kadai yake kirgawa ba, yana tambaya ne wa ka doke kuma a ina ka doke shi.

Raba jadawalin gida biyu

Ka samu takarda ko ka bude wajen rubutu a wayarka. Bangare na farko wasannin Nuwamba da Disamba, wadanda galibi koci da ofishin wasanni na makaranta suke zabar abokan karawa da kansu. Bangare na biyu wasannin lig daga Janairu zuwa farkon Maris, wannan kam ba ruwan koci, lig ce take tsarawa. Saboda haka in zaka zargi koci cewa ya zabi jadawali mai sauki, a bangaren farko kadai kake da hujja.

Kentucky a waccan kakar ta buga 13 a bangaren farko, ta ci 11 ta fadi 2. A cikin 13 din nan guda biyar ne manya na gaske: Duke, Clemson, Gonzaga, Louisville da Ohio State. Sauran su Wright State, Bucknell, Lipscomb, Jackson State, Colgate, Brown da ire-irensu kananan makarantu ne da ake biyansu kudi su zo gidanka su buga, kudin da kananan suke rike sashen wasanninsu da shi. A lig din Kentucky wato SEC kuma kungiyoyi 16 ne amma wasa 18 ake yi, kenan kowa zaka hadu da shi sau daya, guda uku ne kawai zaka hadu da su sau biyu. Wannan ukun ka fara nema kafin komai. Kentucky ta samu Tennessee, Alabama da Vanderbilt, kaga biyu daga ciki manyan kasar ne gaba daya, wata kungiyar kuma a cikin lig din daya zata iya samun masu sauki, sai a karshe ka ga tebur kamar sun yi daidai alhali ba hanya daya suka biyo ba.

Ka rubuta inda za a buga kowane wasa

Wannan shine wajen da yafi muhimmanci kuma shine mutane suka fi tsallakewa. Tun kakar 2018-19 NCAA take amfani da wani ma'auni da ake kira NET wanda ya maye gurbin tsohon RPI, yana jera dukkan kungiyoyin daga na 1 har na karshe, sannan a kasa wasanninka rukuni hudu bisa karfin abokin karawa da kuma filin da aka buga. Rukuni na daya, wanda zaka ji ana cewa Quad 1, shine ka kara da wanda yake tsakanin 1 zuwa 30 a gidanka, ko 1 zuwa 50 a filin da ba na kowa ba, ko 1 zuwa 75 a gidansa. Na biyu shine 31 zuwa 75 a gida, 51 zuwa 100 a filin 'yan ba ruwanmu, 76 zuwa 135 a waje. Na uku 76 zuwa 160 a gida, 101 zuwa 200 a tsakiya, 136 zuwa 240 a waje. Duk abin da ya yi kasa da haka ya fada na hudu.

Ka lura da abin da wannan yake nufi. Kungiyar da take ta 60, in ka doke ta a gidanka nasara ce ta rukuni na biyu kawai, amma in kaje har gidanta ka doke ta, ta zama ta rukuni na daya, daidai da ka doke ta 10 a gidanka. Shi yasa idan naji mutum yana cewa ai wannan karamar kungiya ce me za a samu a wajenta, abin da nake fara tambayarsa shine a ina za a buga. Filayen jami'o'i ba wasa bane, dalibai suna zaune dab da layi suna ihu tun daga farko har karshe, yaro dan shekara 18 da bai taba ganin irin haka ba hannunsa sai ya yi rawa a layin jifa. Kentucky din nan da ta doke Duke 77-72 a Atlanta, bayan sati uku taje gidan Clemson aka doke ta 70-66, kuma wannan faduwa ce da bata bata mata takarda ba ko kadan.

Toh a gefen kowane wasa ka rubuta G in gida ne, W in waje ne, T in filin tsakiya ne, sannan ka sa hasashen rukuninsa. Kafin kaka ta fara babu NET, sai farkon Disamba ake fitar da na farko, don haka ka yi amfani da shafin Bart Torvik wanda kyauta ne, ko KenPom na Ken Pomeroy wanda jerin farko kyauta ne amma zurfin ciki sai ka biya. Da ka gama ka kirga wasa nawa ne na rukuni na daya. Kungiyar da take da irin wadannan 15 ko fiye tana da damar faduwa da yawa kuma ta tsira, wadda take da uku kacal kuwa duk ranar da ta yi tuntube shikenan. Kentucky ta kare lig da ci 10 faduwa 8, wanda in a ido ne zaka ce tsaka-tsaki ce, amma aka bata lamba 3 a bangarenta na March Madness, saboda SEC ta shekarar ta yi karfin da kungiyoyi 14 cikin 16 suka shiga gasar, abin da wata lig bata taba yi ba.

Ba wai lissafin nan yana kashe musu gaba daya bane, a'a. A 2025 din dai an dauki North Carolina da ta ci wasa 1 kacal cikin 13 na rukuni na daya, aka bar West Virginia da ta ci 6, kuma har yau ina ganin an zalunci West Virginia. Amma ko wannan korafin ai da lissafin rukunan ake yinsa, wanda bai san su ba ko bakin magana ba zai samu ba.

Kananan wasanni, da korafin masu tikiti

Wasa da karamar makaranta a gida babu abin da zai kara maka in ka ci, amma in ka fadi tabo ne da zai bi ka har Maris. A Nuwamban 2019 Kentucky tana lamba 1 a kasar gaba daya Evansville ta zo har filinta na Rupp Arena ta doke ta 67-64, a Disamban 2023 ma UNC Wilmington ta yi mata irin haka. Don haka kar ka tsallake su a lissafi, ka duba ko karamar kungiyar tsofaffin 'yan wasa ne da suka dade tare kuma suna da masu jifan maki uku, irin wadannan su ne masu kunyata manya. Kuma NET yana duba yadda ka taka wasan, ba ci kadai ba, shi yasa zaka ga koci bai cire manyan 'yan wasansa da wuri ba ko da ya ba da tazara.

Akwai korafin da magoya bayan Kentucky suka dade suna yi kuma ina tare da su a kai: manyan wasanni ana kai su filayen tsakiya a New York, Atlanta, Chicago ko Indianapolis saboda kudin talabijin, kamar Champions Classic da ake yi tun 2011 tsakanin Kentucky, Duke, Kansas da Michigan State, sai a bar wanda ya sayi tikitin shekara a Lexington, garin da jami'ar take, da kallon kananan makarantu har Disamba. Wasan Kentucky da Indiana ma da ake yi duk shekara tsayawa ya yi bayan na Disamban 2011 saboda an kasa daidaitawa a kan inda za a rika bugawa, sai da aka shafe shekaru sama da goma kafin aka amince a dawo da shi daga Disamban 2025. In kana auna jadawali ta fuskar jin dadin mai kallo, ka kirga manyan wasa nawa ne a gida. In ta fuskar shiga gasa kake aunawa, filin tsakiya da waje sun fi riba. Ma'auni biyu ne daban, kuma rabin fadan da ake yi saboda daya yana magana da wannan ne dayan yana magana da wancan.

Sai lokaci. Agogon gabashin Amurka yana bayan na Najeriya da Nijar da awa 6 a lokacin sanyi, daga Lahadi ta biyu a watan Maris ya koma awa 5. Wasan karfe 7 na yamma a can karfe 1 na dare ne a Kano, na karfe 9 kuma karfe 3 na dare, 'yan Ghana su rage awa daya. Wasannin Asabar da ake farawa 12 na rana a can su ne namu, karfe 6 na yamma kenan. Ka yi musu alama tun yanzu ka tanadi data da caji, sauran kuma ka hakura da hailait da safe, kar ka kashe kanka da rashin barci a kan wasa da Colgate.

Yanzu maganar masu sauya sheka

Ka fara sanin dokar, don ta canza sosai cikin 'yan shekaru. An bude fotal din sauya makaranta a Oktoban 2018, rumbu ne na intanet da dan wasa yake sa a shigar da sunansa don sauran kociyoyi su samu izinin tuntubarsa. A da in ka canza makaranta sai ka zauna shekara guda baka buga ba. A Afrilun 2021 aka yafe wannan zaman ga wanda ya canza karo na farko, a Yulin 2021 aka halatta wa 'yan wasa karbar kudi da sunansu da hotonsu wato NIL, sannan bayan wata kotu a West Virginia ta sa baki a Disamban 2023, NCAA ta cire iyakar gaba daya a 2024, yanzu ko sau nawa ka canza zaka buga nan take in dai karatunka bai samu matsala ba. A Yunin 2025 kuma alkaliya Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, wanda ya ba makarantu damar biyan 'yan wasa kai tsaye har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, amma fa na duka wasannin makarantar ne ba kwando kadai ba, kuma kwallon Amurka mai hular kwano ita take kwashe kaso mafi tsoka a yawancin manyan makarantu. Babu kudin sayen dan wasa da wata makaranta take ba wata kamar yadda kulob yake yi a Turai. Kwanakin da fotal yake bude ma canzawa suke, 45 ne a 2024, suka koma 30 a 2025, don haka duk shekara ka duba sabuwar sanarwa.

Abu na farko da zaka yi ba kallon wadanda suka zo bane, kirga wadanda suka tafi. Ka dauko mintunan da kowa ya buga bara, wasa minti 40 ne mutum biyar a fili, minti 200 kenan a kowane wasa, ka cire na wadanda suka gama, da wadanda suka tafi NBA, da wadanda suka shiga fotal, ka ga nawa ya rage. A Afrilun 2024 da koci John Calipari ya bar Kentucky bayan shekara 15 ya koma Arkansas, Reed Sheppard da Rob Dillingham suka tafi NBA, DJ Wagner da Adou Thiero da Zvonimir Ivisic suka bi kocinsu, dan Najeriya Ugonna Onyenso ya tafi Kansas State, sabon koci Mark Pope ya zo daga jami'ar BYU ya tarar babu ko mutum daya mai sikolashif da ya rage daga masu bugawa. Mutum tara ya dauko daga fotal ya hada da sababbin dalibai uku.

Na biyu, ka bambance matakai. Shiga fotal ba tafiya bace, wani yana shiga ya fito ya zauna. Ziyarar makaranta ba alkawari bace. Hoton da yaro ya sa a Instagram da rigar kungiya ya ce ya amince, shi ma ba sa hannu bane. Sannan akwai masu gwada sa'arsu a NBA wadanda suke da dama har karshen Mayu su janye su dawo makaranta, Jaxson Robinson sai da ya janye a karshen Mayun 2024 sannan ya bi Pope zuwa Kentucky, Otega Oweh ma ya gwada a 2025 ya dawo. Kafin watan Yuni duk jerin 'yan wasan da ka gani da fensir aka rubuta shi. Maganar kudin da ake cewa an ba wane miliyan kaza kuwa, mafi yawanta daga bakin ejan take fitowa don a daga farashi, ba a wallafa kwantiragin, kar ka rantse a kai.

Yadda ake auna sabon dan wasa

Kar ka tsaya a makin da yake ci a kowane wasa, wannan lambar ita ce tafi kowace yaudara. Ka tambayi kanka abubuwan nan. A wace lig ya ci makin? Jifa nawa yake yi kafin ya same su? Shi ne kadai mai rike kwallo a tsohuwar kungiyarsa, kuma a nan zai samu haka? Ka bude jerin wasanninsa daya bayan daya ka nemo ranakun da ya hadu da manyan kungiyoyi ka ga me ya yi, wannan wasa uku ko hudun sun fi sauran 25 din fada maka gaskiya. Sannan shekara nawa ta rage masa, kuma yana da tarihin rauni?

Misalin da ya kamata kowa ya rike shine AJ Storr. A Wisconsin yana cin kusan maki 17 a wasa, ya koma Kansas a 2024 kowa yana cewa an gama, Kansas ta fara kaka a lamba 1, amma shi ya kare da maki 6 da 'yan kai a wasa yana tashi daga benci, kungiyar kuma aka cire ta a zagayen farko na March Madness. Ba wai yaron bai iya ba, tsarin ne bai karbe shi ba. A daya bangaren ga Dalton Knecht da ya taso daga karamar kwaleji ya bi ta Northern Colorado, ya zo Tennessee ya zama gwarzon SEC a 2024. Ga kuma Jack Gohlke wanda magoya bayan Kentucky ba zasu manta da shi ba, daga Hillsdale da take karamin rukuni na NCAA ya koma Oakland, ya zuba musu jifan maki uku har guda 10 a Maris din 2024 aka yi waje da su 80-76. Abin da na lura da shi shine akwai kayan da suke bin dan wasa duk inda yaje: iya jifa daga nesa, kwasar ribawun wato cafke kwallon da bata shiga ba, tsaron baya da tsawo. Abin da ba kasafai yake binsa ba shine yawan maki na wanda ya saba komai ta hannunsa yake bi.

Dubi yadda Pope ya yi zabe, ba sunaye ya tara ba, aiki ya raba. Lamont Butler daga San Diego State don tsaro da rike kwallo, shine wanda ya jefa kwallon karshe da ta kai tsohuwar makarantarsa wasan karshe na March Madness a 2023. Koby Brea daga Dayton wanda ya fi kowa a kasar iya jifan maki uku a kakar da ta gabata, kusan rabin abin da ya jefa ya shiga. Amari Williams dan Nottingham ta Ingila daga Drexel, dogo mai iya raba kwallo. Andrew Carr daga Wake Forest, dogo mai iya fita waje ya jefa. Sai Otega Oweh daga Oklahoma, dan asalin Najeriya da aka haifa a Amurka, wanda da yawa suka dauka mai tsaro ne kawai amma ya zama mai cin maki mafi yawa a kungiyar, sama da 16 a wasa, kuma sau biyu yana jefa kwallon da ta kashe tsohuwar makarantarsa a dakikun karshe. Miya ce, in duk abin da ka sayo nama ne babu gishiri babu manja ba zata ciwu ba.

Sai ka duba benci, musamman masu raba kwallo. A takarda Kentucky tana da biyu, Butler da Kerr Kriisa. Kriisa ya ji rauni a kafa a wasan Gonzaga a Disamba bai sake bugawa ba, Butler ya yi ta fama da kafada, Robinson da yake taimakawa aka yi masa aiki a wuyan hannu, sai ga sababbin dalibai suna rike kwallo a tsakiyar SEC, har Amari Williams ne yake tsara wasa daga sama. Duk jerin da ka gani ka tambaya, in wane ya ji rauni wa zai shiga, in amsar babu ce toh ka rage wasa biyu ko uku daga hasashenka tun yanzu.

Wata magana a gefe da take damuna. Yaro ya bar kungiya sai ka ga ana zaginsa ana ce masa maci amana, alhali kocin da ya dauko shi ma yana tashi ya tafi inda aka fi biyansa babu mai cewa komai. 'Yan shekaru kacal yaran nan suke da su, mafi yawansu ba zasu taba shiga NBA ba. Namu na Afirka ma abin ya fi musu wuya saboda bizar dalibi tana takaita aikin da zasu iya yi a cikin Amurka, Oscar Tshiebwe dan Kongo da ya bar West Virginia ya zama gwarzon kasa a Kentucky a 2022 sai da kungiyar taje Bahamas ya samu damar yin tallace-tallacensa a can. Rueben Chinyelu dan Najeriya ya bar Washington State ya koma Florida, shekarar farko ya daga kofin kasa a 2025, tare da Walter Clayton Jr. da ya zo daga Iona da Alijah Martin daga Florida Atlantic da Will Richard daga Belmont. Masai Ujiri, tsohon shugaban kungiyar Toronto Raptors ta NBA, da ya tashi a Zariya ma ta karamar kwaleji ta Bismarck State ya fara kafin ya canza makaranta. Wanda ya tafi ka yi masa fatan alheri, ranar da ya dawo da rigar wasu kuma ka yi fatan a doke shi, wannan halal ne.

Hada takardun biyu

Yanzu ka ajiye jadawali a dama, jerin 'yan wasa a hagu. In kungiyarka sababbi ne gaba daya, ka duba manyan wasannin Nuwamba da idon rahama, sai dai in sababbin tsofaffin hannu ne. Kentucky ta doke Duke a wasanta na uku kacal saboda mutanen Pope 'yan shekara 22 da 23 ne, Duke kuma ta dogara da yara irin Cooper Flagg da lokacin bai cika 18 ba, a mintunan karshe gogewa ta yi aiki. Amma wannan nasarar bata hana Ohio State lallasa su 85-65 a New York a Disamba ba, kuma bata hana Alabama doke su sau uku ba, domin matsalar tsaron da take boye tun farko sai da aka hadu da masu gudu ta fito fili. Arkansas ta Calipari kuma ta fara SEC da faduwa biyar a jere har ana cewa ta mutu, sai gata ranar 1 ga Fabrairu ta zo Rupp ta ci 89-79, ta kuma kai zagayen 'yan 16 daidai inda Kentucky ta tsaya. Kentucky din ma da ta doke Tennessee sau biyu a lig, Tennessee ce ta cire ta 78-65 a wannan zagayen, aka kare kaka da ci 24 faduwa 12.

Don haka ka nemo a jadawali inda wasanni masu zafi suka taru, misali waje biyu a jere cikin kwana hudu sannan babban abokin gaba a gida, ka duba ko bencinka zai iya daukar wannan satin. Ka nemo ranar da tsohon koci ko tsohon dan wasa zai dawo, wadannan wasannin basa bin lissafi. Sannan ka raba hasashenka uku, wadanda dole a ci, wadanda ake iya ci ko a fadi, da wadanda in an ci riba ce, ka ba na tsakiyar rabi da rabi, abin da ya fito shine hasashenka na gaskiya ba na son zuciya ba. Ka rubuta shi da kwanan wata a Oktoba, kar ka taba shi. NET din farkon Disamba kar ka dauke shi da zafi don wasannin basu yi yawa ba, yana tsalle sosai. Karshen Janairu, bayan an buga wasan lig bakwai ko takwas kuma an je gidan mutane akalla sau uku, lokacin ne zaka dauko takardar ka gyara rukunan da NET na ranar, ka sake kirga mintunan kowa ka ga su waye biyar din da koci yake yarda da su a minti biyar na karshe.